Matakala uku a ƙofar aji: naƙasassu da zaɓen komin a Nijar

Ranar Asabar 24 ga watan Yuli na 2004 ni ne shugaban runfar zaɓe a wani ƙauye na jihar Maraɗi, kuma runfar ita ce ajin da nake karantar da ƴan CM2. Mun fitar da rabin teburan yara waje, mun rataya labule a lungun da allo ya ƙare, muka ɗora akwati bisa teburina. An yi ruwa da asuba, filin lakwal duk ya jiƙe. Wajen ƙarfe goma sai na ji hayaniya a waje. Da na leƙa, sai na ga mai gyaran rediyon da ke zama a bakin kasuwarmu, gurgu ne tun yana ƙarami, kekensa na hannu ya kafe cikin rairayi tun daga ƙofar lakwal. Samari biyu suka turo shi har bakin aji. Nan kuma ga matakala uku na siminti. Suka ce za su ɗauke shi, ya ce a'a. Ya sauko daga keken, ya sa silifa a hannuwansa biyu, ya hau da kansa, rigarsa ta sallah tana jan laka.

Bayan ya kaɗa ƙuri'arsa, muna sa masa tawada a yatsa, sai ya ɗaga kai yana kallon taswirar Nijar da ke jikin bango, da jadawalin lissafi, da zanen ƙashin mutum. Ya ce da ni: "Mushe, ashe haka cikin lakwal yake. Yau na fara shigowa." A garin aka haife shi, shekarunsa sun kai arba'in, gidansu bai fi tafiyar minti biyar daga ajin ba.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, maganar ba ta bar ni ba. A ƙasarmu mafi yawan runfunan zaɓe azuzuwan lakwal ne, masu riƙe su kuma galibi mu ne malamai. Ke nan ƙofar da babba ke fama da ita rana ɗaya cikin shekara biyar, ita ce yaro ke fama da ita kullum safiya, in har an kawo shi. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa wannan magana ba ta taɓa zama abin da ake neman ƙuri'a da shi a zaɓen komin ba, alhali komin ce hukumar da ta fi kusa da ƙofar nan. Amsar da na samu tana cikin tarihi, shi ya sa zan koma baya kaɗan.

Tun kafin zuwan Nasara, ƙasar Hausa ba ta bar naƙasassu a watse ba. A Katsinar Maraɗi, da Gobir, da Damagaram, kamar yadda yake a Kano da Katsina, akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare. Sarauta ce ta gaskiya, da rawaninta, da fadawanta. Shi ke raba rigima tsakanin mutanensa, shi ke sauke baƙo in ya zo daga wani gari, shi ke karɓar rabon jama'arsa in an fitar da zakka ko an yi wata babbar sadaka, shi ke kai kukansu fada. Ba na cikin masu raina wannan tsari. Ya ba mutane suna da wurin zama a lokacin da babu ma'aikatar jin daɗin jama'a, babu asibiti. Kuma makafi da yawa sun yi fice a haddar Alƙur'ani, abin da ba baƙo ba ne ga al'ummar da ta san tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina, aka kuma sha bar masa jagorancin salla in an fita.

Sai dai tsarin an gina shi ne bisa abu guda, wato sadaka. Mai lafiya yana bayarwa don neman lada, naƙasasshe yana karɓa yana addu'a. Wurin haɗuwarsu ƙofar masallacin Juma'a ne, ko bakin kasuwa, ko zauren attajiri. Kutare kuwa nesa ake kai su. Duk ɗan Damagaram ya san asalin unguwar Kara-Kara, inda aka ware kutare a bayan gari, har fim ɗin Aisha Macky na 2021 ya sa duniya ta san sunanta. A kudancin Maraɗi kuma akwai Danja, inda ƴan mishan suka buɗe wurin jinyar kuturta tun shekarun 1950. A duk cikin wannan, babu wanda ya taɓa tunanin cewa ginin hukuma ne ya kamata ya canza don mutum ya shiga. Mutumin ne ake ɗauka a kai shi, ko a bar shi waje a miƙo masa.

Gwamnatin zamani ta shigo maganar a makare. Ƙungiyar makafi ta ƙasa ta kafu a shekarun 1970, sannan tsakanin ƙarshen waɗannan shekaru da farkon na 1980 aka buɗe lakwal ɗin makafi ta Soli Abdourahmane da ta kurame ta Hassane Bana Ba, dukansu a Yamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 1981 suna shekarar naƙasassu, lokacin mulkin Seyni Kountché. Daga baya manyan birane irin su Maraɗi da Damagaram suka samu nasu azuzuwan. Waɗannan makarantu sun fitar da mutane masu ilimi, wasunsu su ne suka jagoranci haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, da aka kafa a ƙarshen shekarun 1990. Amma uban da ke ƙauye a gundumar Dakoro ko Mayahi, mai ɗa kurma saboda sanƙarau, ko ƴa gurguwa saboda shan inna, me lakwal ɗin Yamai za ta yi masa? Wanda ya karantar a shekarun 1995 da 1996 ya san yawan yaran da annobar sanƙarau ta bari ba su ji. Na rasa ɗalibai biyu ta wannan hanya. Ba mutuwa suka yi ba, sun warke, sun dawo aji, suka zauna wata biyu suna kallon bakina, sannan iyayensu suka ɗauke su.

Dokoki kuwa ba mu rasa su ba. Ta farko ita ce dokar 93-012 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta tsara mafi ƙarancin kariyar da naƙasasshe zai samu. A watan Yuni na 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya yi magana kan shiga gine-gine da samun labari, na 29 kuma kan zaɓe da tsayawa takara. A 2010 aka yi wa dokar 1993 gyara, kuma tsarin mulkin 25 ga Nuwamba na wannan shekara, a sashensa na 26, ya ɗora wa gwamnati nauyin daidaita dama tsakanin naƙasassu da sauran jama'a. Akwai kuma tanadin kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A watan Disamba na 2019 majalisar dokoki ta fitar da sabuwar doka, mai lamba 2019-62.

Ku duba ranakun nan da kyau, akwai abin lura a ciki. Dokar Maris 1993 ta fito ne a makonnin ƙarshe na gwamnatin riƙon ƙwarya da taron ƙasa na 1991 ya kafa, tsakanin zagaye na farko da na biyu na zaɓen da Mahamane Ousmane ya ci. Gyaran 2010 kuma ya zo ne lokacin riƙon ƙwaryar sojoji na Salou Djibo. Wato manyan takardun da suka kafa tushen haƙƙin naƙasassu a ƙasar nan, hukumomin da ba zaɓaɓɓu ba ne suka sa musu hannu. An rubuta su a biro a Yamai, da ƙoƙarin shugabannin ƙungiyoyi da wasu ma'aikata masu kishi, Allah ya saka musu. Amma babu ɗan takarar da ya taɓa tsayawa a dandalin kasuwa ya yi alkawarinsu, babu wanda ya faɗi zaɓe don ya saɓa musu. Dokar da ba a yi gumi kanta a filin siyasa ba, magajin gari ba ya jin tsoronta. Da yawansu ma ba su taɓa karanta ta ba.

Zaɓen komin ɗin shi kansa bai samu zama da gindinsa ba. An gwada shi ranar 7 ga Fabrairu 1999, zamanin Ibrahim Baré Maïnassara. Aka lalata kayan zaɓe a wurare da dama, kotun ƙoli ta soke sakamako mai yawa, kuma ranar 9 ga Afrilu aka kashe Baré, maganar ta bi ruwa. Sai a 2004 aka samu zaɓen da ya tsaya, komin 265. Na Disamba 2009, lokacin tazarce, ƴan adawa sun ƙaurace masa, juyin mulkin Fabrairu 2010 ya share shi. Aka sake yi ranar 11 ga Janairu 2011. Waɗanda aka zaɓa a wannan rana wa'adin shekara biyar gare su, amma aka yi ta ɗage zaɓe har suka kusan cika shekara goma bisa kujera, sai 13 ga Disamba 2020 aka koma runfa. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumomin soja suka rushe majalisun komin da na jihohi, aka naɗa wakilan gudanarwa a madadinsu. In ka ƙirga, sau uku kacal cikin shekara ashirin talaka ya zaɓi kansilansa zaɓen da ya ɗore. Jama'ar da ba ta saba tsayar da kansila ta tambaye shi ina rijiya, ina ɗakin haihuwa ba, yaushe za ta kai ga tambayarsa ina gangaren keken guragu?

Duk da haka kada a ce ƴan takara sun manta da naƙasassu. Ba su manta ba ko kaɗan, ta tsohuwar ƙofa suka bi. A kowane kamfe da na gani, ɗan takara kan je gidan sarkin makafi ko sarkin guragu da buhun shinkafa, da sukari, da turmin atamfa mai hoton jam'iyya. Mai hali ya kawo keken guragu biyu ko uku, a jera su a dandali, maroƙa su yi ta kirari, a ɗauki hoto. Sarkin ya yi godiya, ya ce mutanensa suna bayan Alhaji. Hanyar da sadaka ke bi tun zamanin kakanni, ita ƙuri'a ta bi ta dawo. A 2020 ranar naƙasassu ta duniya, 3 ga Disamba, ta faɗo kwana goma kafin zaɓe, na ga rabon kaya a wannan mako irin wanda ban taɓa gani ba.

A 2011 na taɓa tare wani ɗan takara, abokin karatuna ne tun koleji, na ce masa: "Alhaji, keken nan da ka raba, ina za su shiga da shi? Lakwal matakala, likita matakala, ofishin magajin gari da kake nema matakala biyar." Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce: "Mushe, kai dai ba ka san siyasa ba. Keke ana ganinsa, ana hawansa a zagaya gari da sunana. Gangaren siminti wa zai ce ni na yi?" Ban ji daɗin amsar ba, amma ba ƙarya ya yi ba. Ya san abin da jama'a ke saye da ƙuri'arsu, ya kawo musu shi.

Abin mamaki shi ne lissafin ƙuri'a ma bai goyi bayan wannan sakaci ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu sama da dubu 700 a Nijar, kashi 4,2 cikin ɗari na al'umma. Duk malamin da ya taɓa yin aikin ƙidaya ya san iyaye na ɓoye irin waɗannan ƴaƴa a ƙuryar ɗaki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2011 ta kiyasta kashi 15 ne a duniya baki ɗaya. Amma mu tsaya ga namu adadin. Komin mai mutum dubu 50 tana da naƙasassu wajen 2.100. Kowannensu yana da uwa, yana da uba ko miji ko mata, yana da ƙanin da ke jan sandarsa ko tura kekensa. A zaɓen komin jerin sunaye ake zaɓa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'ar kowace jam'iyya, kuma kujerar ƙarshe sau da yawa ƴan ɗaruruwan ƙuri'u ke raba ta. Kansilolin nan su ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu, inda kujera ɗaya kan juya komai. Da gidajen nan sun taɓa haɗa baki kan buƙata guda, da an saurare su. Ba su haɗa ba, don kowane gida yana ɗaukar abin a matsayin jarrabawarsa shi kaɗai, tsakaninsa da Ubangijinsa.

Mata sun nuna cewa jerin sunaye na canzawa in doka ta matsa. Dokar kaso ta watan Yuni na 2000 ta tilasta kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Jam'iyyun da suka rantse babu matan da za su tsaya, cikin mako guda suka samo su. Ƙasar Uganda ta yi irin wannan ga naƙasassu: dokarta ta ƙananan hukumomi ta 1997 ta ware musu kujeru biyu a majalisun ƙananan hukumomi, namiji da mace, ban da kujeru biyar a majalisar dokoki. A wurinmu, lokacin da ake da majalisun komin, sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki suna da wurin zama a cikinsu, suna ba da shawara ko da ba su kaɗa ƙuri'a. Sarkin makafi, da duk tsufan rawaninsa, ba ya cikinsu. Sannan ga wani ƙulli da ya shafe mu kai tsaye: dokar ƙananan hukumomi ta Satumba 2010 ta ce sai mai takardar BEPC ko makamanciyarta zai zama magajin gari. Yaron da matakala ta hana shi shiga CI, an riga an cire sunansa daga takarar magajin gari tun yana ɗan shekara bakwai.

Bari in dawo kan matakalar kanta, don a nan na fi sanin abin da nake faɗi. Ba mugunta ce ta sa ake ɗaga azuzuwanmu ba. Ana ɗaga daɓen ne saboda ruwan damina da rairayin da iska ke tarawa a gindin bango. Tsayin yakan kai santimita 45, matakala uku ke nan. Ƙa'idar da magina suka sani a duniya ita ce, kowane santimita ɗaya na tsayi yana son aƙalla santimita 12 na tsawon gangare. Ke nan daɓe mai santimita 45 yana son gangare mai mita biyar da rabi, ƙofa kuma faɗinta ya kai santimita 90. In an sa shi tun a zanen gini, ƙarin ƴan buhunan siminti ne da cikon ƙasa, abin da ba ya ko motsa kuɗin aji guda. In an gama gini aka dawo, sai an fasa, kuɗin ya ninka. Na ga azuzuwan da wasu ƙungiyoyi suka gina da gangare mai mita ɗaya da rabi, tsaye kamar bayan jaki, yara masu ƙafa sun mai da shi wurin sulu, mai keke kuwa in ya gwada sai ya kife. Na ga wanda aka yi daidai, amma ya sauka cikin rairayi mai zurfin da keke ba ya motsi. Makewayi kuma ba a ma maganarsa: rami ne da ƙofa ƙarama, yaron da ke rarrafe da hannu sai ya dafa inda kowa ya taka. Ƴan mata guragu da yawa makewayi ne ya kore su daga lakwal, sai dai ba mai faɗa.

Wa ke da alhakin wannan? Tun watan Janairu na 2016 gwamnati ta miƙa wa komin iko a fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, gina azuzuwan firamare da gyaransu na ciki. Gaskiya ne kuɗin bai bi ikon yadda ya kamata ba, kowane magajin gari zai gaya maka haka, kuma lanhon da ake tarawa a ƙauye bai taka kara ya karya ba. Amma ko ajin da wata ƙungiya ta biya, da sanin komin ake gina shi, da wakilinta ake karɓarsa. Layi ɗaya a takardar kwangila ya isa.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Shekaru kaɗan bayan zaɓen 2011, ina darakta a wata lakwal, aka gina mana sabbin azuzuwa uku. Ranar karɓar aiki na zagaya da ɗan kwangila da wakilin komin, na duba rufi, na duba tagogi, na ƙwanƙwasa allo, na sa hannu. Matakala uku a kowace ƙofa, ban ce uffan ba, ni da na ga mai gyaran rediyo yana jan rigarsa cikin laka. Murnar rabuwa da ajin zana ta rufe mini ido. A lokacin muna da wata yarinya a CE1 da shan inna ya shanye wa ƙafafu. A ajin zana yayanta kan ajiye ta bakin ƙofa ta shiga da kanta, don ƙasa ɗaya ce da waje. Da muka koma sabon gini sai an ɗauke ta an hau da ita, an sauko da ita, safe da rana, gaban sauran yara. Tana girma, tana nauyi, tana jin kunya. Kafin ƙarshen CE2 ta daina zuwa. Na je gidansu, uwarta ta ce mini: "Mushe, ku yi haƙuri, ta ce ba ta son ana ɗaukarta kamar buhu." Ita ce ta fi kowa lissafi a ajin.

Ajin zana ba abin so ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Gobarar Afrilu 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai ta ci yara ashirin, ta Nuwamba a Maraɗi ta ci fiye da haka, kuma duk wanda ya san yadda kara ke kamawa ya san yaron da ba ya gudu shi ne ba ya fita. Bayan waɗannan masifu hukumomi suka ce akwai azuzuwan zana wajen dubu 36 a ƙasar da ake son mayarwa na gini. Azuzuwa dubu 36, ƙofofi dubu 36 ke nan, kuma ginin siminti yakan yi shekara arba'in yana aiki. Yadda aka zuba ƙofofin nan, haka jikokinmu za su same su, ranar karatu da ranar zaɓe.

Gurgu aƙalla ana ganin wahalarsa. Ta makaho da kurma a runfar zaɓe ba ta da hoto. Dokar zaɓe ta yarda wanda naƙasa ta hana shi kaɗa ƙuri'a da kansa ya shiga da mai taimaka masa. Na sha ganin yadda abin ke kasancewa: tsoho makaho ya zo da ɗan jagoransa, yaro ɗan shekara goma, ko kuma wani saurayin jam'iyya da ya ɗauko shi a babur ya ce shi ne mataimakinsa. A zaɓen shugaban ƙasa wannan da sauƙi. A zaɓen komin, inda ɗan takara maƙwabcinka ne, ko surukinka, ko mai ba ka hatsi da rani, ƙuri'ar da wani ya gani ba taka ba ce. Maƙwabtanmu na Najeriya sun gwada wata takarda mai rubutun makafi da ake ɗora wa takardar ƙuri'a a zaɓen 2019, amma ita ma sai wanda ya koyi rubutun, mun sake dawowa lakwal ke nan. Kurma kuwa duk kamfe ɗinmu na kunne ne: rediyo, lasifika bisa mota, maroƙi, mawaƙi. Yakan zo runfa ya zaɓi alamar da wani ya nuna masa da yatsa a gida.

Yanzu babu majalisun komin, jam'iyyu ma an rushe su a watan Maris na 2025. Wani zai ce to maganar zaɓe ta ƙare sai wani jiƙon. Ni ban ga haka ba, don akwai zaɓe guda da ya rage a hannunmu, mu malamai da iyaye. Kwamitin kula da lakwal, wanda muka fi sani da COGES ko CGDES, iyaye ne ke zaɓen shugabanninsa, tsarin da aka fara gwadawa a jihar Tawa a 2004 kafin ya bazu ko'ina. Wannan kwamiti ke tsara aikin shekara, shi ke tara gudummawar iyaye, shi ke yanke ko za a sayi alli ko za a gyara katanga. Kansiloli da yawa na 2011 da 2020 a irin waɗannan kwamitoci suka koyi tsayawa gaban jama'a. Abin da aka saba tambaya a taron iyaye, shi za a tambaya a dandalin kamfe ranar da aka dawo da zaɓe, ko da wane suna aka dawo da shi. Kuma wakilin gudanarwa da aka naɗa, shi ma takardar kwangila yake sa wa hannu, ana iya zuwa ofishinsa da mita a hannu.

Bayan na yi ritaya na koma ƙauyen da na fara ba ku labarinsa. A taron iyaye na farkon shekarar karatu na ba da labarin 2004, mai gyaran rediyo yana zaune a bayan taro bisa kekensa, yanzu waya yake gyarawa, jikarsa tana CP. Wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata ta miƙe ta ce su ma tsofaffinsu da masu ciki matakalar na ba su wuya. Aka sa gangare cikin aikin shekara, aka zaɓe shi cikin kwamiti, shi ne ma'aji, don kowa ya san ba ya cin kuɗin mutane. Magini ɗan garin ya yi aikin cikin kwana uku, samari suka kwaso tsakuwa suka daɓe hanya daga ƙofar lakwal zuwa bakin ajin.

Ranar da siminti ya bushe muka kira shi ya gwada. Ya hau har tsakiya, keken ya tsaya, ya dawo da baya. Ya sake gwadawa, haka. Ya dubi maginin ya ce: "Ɗana, ka rage mita guda don siminti ya ishe ka, ko ba haka ba?" Magini ya sunkuyar da kai. Aka auna, mita huɗu da rabi ne. Ma'aji ya buɗe littafinsa, ya ce akwai sauran kuɗin buhu biyu, a fasa ƙasan a ƙara. Ranar Laraba aka fasa.